Girgiza ko gobara: wace ce ta ci San Faransisko a 1906?

Injiniya: Jama'a, ina nan kan bakana. Gobara ce ta hallaka birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya ran 18 ga Afrilun 1906. Girgizar ƙasar da ta zo da asuba, ƙarfe 5:12, kamar minti guda ta yi. Wuta kuwa kwana uku tana ci, ta lashe gine-gine wajen 28,000.

Malam: To Injiniya, wa ya kunna wutar? Ai girgizar ce ta fasa bututun gas, ta kifar da murhu da fitilu, ta kuma tsinke manyan bututun ruwa. 'Yan kwana-kwana suka jona mesa a famfo, ko ɗigo babu. Shugabansu ma, Dennis Sullivan, a wannan asubar gini ya rufto masa, bai tashi ba.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, hannun mutane fa? Sojojin Janar Funston sun yi ta tarwatsa gidaje da nakiya don su datse wa wutar hanya, amma da yake ba gwanaye ba ne, a wasu wurare sabuwa suka tayar. Akwai kuma waɗanda suka cinna wa gidajensu da suka tsattsage wuta da kansu, saboda inshora tana biyan gobara, ba ta biyan girgiza.

Hajiya: Nan ne nake tsoron maganarka, ƙanena. Ita ce manyan 'yan kasuwar birnin suka so duniya ta riƙe. Sun dage a riƙa cewa gobara aka yi, don gobara tsautsayi ce da ke faɗa wa kowane gari, girgiza kuwa tana nuna birnin na zaune a bakin tsagar San Andreas, wata doguwar tsaga a ƙarƙashin ƙasa mai haddasa girgiza, masu zuba jari su gudu. Har mamatan aka rage: hukuma ta ce 'yan ɗaruruwa ne, sai da Gladys Hansen, mai kula da kundin tarihin birnin, ta yi shekaru tana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya aka gane sun haura 3,000. 'Yan Sin da unguwarsu ta ƙone ƙurmus, wa ya tsaya ƙirga su? Wannan yana ci min rai ƙwarai.

Injiniya: Yaya Hajiya, ban musa ba. Amma mugun nufin mai magana ba ya mai da gaskiya ƙarya. Mafi yawan ɓarnar wuta ce ta yi ta.

Malam: Wutar da ta tarar da famfo a bushe. Da bututun nan ba su tsinke ba, kana ganin za ta kwana uku?

Injiniya: Ba za ta kwana ba. Sai dai a 1989 girgizar Loma Prieta ta sake fasa bututu a unguwar Marina, wuta ta tashi, jirgin ruwan kashe gobara ya turo ruwan teku aka kashe ta. Bambancin shiri ne, Malam.