Karayar ƙwauri bayan haɗarin mota: yaushe ya dace in koma bakin aiki?

Ma'aikacin sito:
Assalamu alaikum. Makonni biyar ke nan da wata mota ta buge ni a kan babur ina hanyar zuwa aiki, na karye a ƙwaurin dama, har yanzu kuma da sanduna nake dogarawa. Hutun jinyar da likita ya rubuta mini na makonni shida ne, ga shi shugabana ya fara kira yana tambayar ranar dawowata, alhali aikina na tsayuwa ne da ɗaukar kaya. Shin in lallaɓa in koma, ko in nemi ƙari?

Tsohuwar nas:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙashin ƙwauri yakan ɗauki watanni 3 zuwa 6 kafin ya haɗe sosai, ba kamar na wuyan hannu ba, wanda kan warke cikin makonni 6 zuwa 8. Saboda haka makonni shidan nan galibi lokacin komawa ne a sake duba ka. Kada lafawar raɗaɗi ta ruɗe ka, domin hoton ƙashi ne yake nuna ko ƙafar za ta ɗauki nauyi. Idan ka je, ka fayyace wa likita awa nawa kake yi a tsaye da nauyin abin da kake ɗagawa, don hutun mai zama kan kujera daban yake da naka. In kuma sharaɓarka ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe maka, ka garzaya asibiti, mai yiwuwa jini ne ya daskare.

Ɗan ƙungiyar ƙwadago:
Malam, kada ka yi sakaci da batun cewa a hanyar aiki abin ya same ka. Yarjejeniya ta 121 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1964, ta buƙaci ƙasashen da suka amince da ita su fayyace lokacin da irin wannan haɗari yake zama raunin aiki, don haka ka bincika dokar inda kake da takardar ɗaukarka aiki. Ka adana rahoton 'yan sanda da rasiɗan asibiti, kuma duk maganar da za ku yi da shugabanka ta kasance a rubuce.

Mai ɗingishi:
Ni da na koma, rabin yini na riƙa yi a kan kujera ina rubuta shigar kaya da fitarsu, da yamma kuma in je gashin ƙashi. Ka nemi likitanka ya rubuta irin wannan sharaɗi a cikin sabuwar takardar.