Yankari a rana ɗaya, zai yiwu kuwa?

Ummu_Khalil: Salam jama'a, muna so mu kai yara Yankari ran Asabar daga Bauchi, mu ga namun daji da kogunan dutsen nan na Marshall mu dawo a ranar, ko sai mun kwana?

Baban_Sadiq: Zai yiwu Hajiya amma ku fita da asuba, ta hanyar Gombe ku karya kwana a Dindima. Kin wuce get ɗin Mainamaji ma da sauran tafiya kafin Wikki, masaukin baƙi inda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi take. Ku fara da zagayen safe bakin kogin Gaji, da rani nan dabbobi ke taruwa shan ruwa, giwa dai sai an yi sa'a, ni zuwa biyu kashinta kawai na gani.

Ɗan_Alkaleri: Kogunan guda 59 ne, mutane suka sassaƙa su cikin dutse, wai maɓoya ce lokacin farautar bayi, ƙofofin ƙanana sai an sunkuya. Akwai rijiyoyin Dukkey ma amma da wuya ku haɗa duka.

Anty_Zee: Yar uwa ki riƙe ledar abinci da kyau wallahi, gwaggon biri ya fizge min burodi a hannu muna sauka ruwan Wikki, yarana har yau dariya suke min.