Amosanin gaɓɓai mai zuwa da soriyasis: daga methotrexate zuwa allurai, ina ake samun matsala?

Nas: Assalamu alaikum. Cikin masu soriyasis, ciwon fatar nan mai ɓawo, har kashi 30 cikin ɗari kan kamu da ciwon gaɓɓai, galibi shekaru bayan fatar ta fara. Yanzu maganar sabbin allurai ake ta yi. Don Allah kowa ya faɗi inda yake ganin abu yana lalacewa a wurin aikinsa.

Likitar fata: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun wajen ganewa ake ɓata lokaci. A baƙar fata tabon ba ya yin ja, duhu yake yi ko toka-toka, sai a yi ta shafa maganin makero ko a ce amosanin kai ne. A duba gindin gashi, bayan kunne, cibiya, gwiwar hannu, da farce mai ƙananan ramuka. Idan yatsa ɗaya ya kumbura tun daga tushe, ko bayan dunduniya yana ciwo, ko gaɓɓai suna sanƙarewa da safe fiye da minti 30, a tura majiyyacin wurin likitan gaɓɓai. Gwajin jini na RF, wanda ake yi don gano wani nau'in amosanin gaɓɓai, yawanci ba ya nuna komai a wannan ciwon, kada a sallami mutum saboda shi. In soriyasis ya ɓarke da ƙarfi farat ɗaya, a yi gwajin ƙanjamau.

Famasis: Likita, ni wajen methotrexate, ƙwayar da ake ba masu wannan ciwon, nake ganin ɓarna. Sau ɗaya ake sha a MAKO. Ƙwayar miligiram 2.5 ce, wanda aka rubuta wa 15 zai haɗiye shida rana guda, kuma ba a cika wuce 25 ba. Mutum ya saba da "safe da yamma", sai ya riƙa sha kullum, baki ya tsage, ƙwayoyin jini su faɗi, ana ma rasa rai. A rubuta sunan ranar a jikin kwalin, misali Juma'a. Folic acid miligiram 5 a wata rana daban. Sannan Septrin: ba a haɗa shi da methotrexate ko kaɗan, ga shi kowane kemis yana bayar da shi don tari ko gudawa. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan methotrexate. Kafin a fara a gwada hanta, ƙoda, ƙidayar jini da ciwon hanta nau'in B, a riƙa maimaita na jini da na hanta duk mako biyu da farko, in ya daidaita a koma wata-wata, daga baya wata uku-uku.

Likitar fata: Ƙari a kan haka Malam, prednisolone da dexamethasone da ake cusawa cikin haɗin "maganin sanyi". Yana kwantar da ciwo, amma in aka yanke shi kwatsam fatar tana iya ɓarkewa har da ƙuraje masu mugunya.

Likitan gaɓɓai: Duk gaskiya ne. Binciken da ya fi yi mana amfani ba na sabon magani ba ne. TICOPA, da aka yi a Birtaniya aka buga a 2015, ya nuna wanda ake dubawa duk mako huɗu, ana ƙara magani har ciwon ya lafa, ya fi wanda ake dubawa duk mako 12 samun sauƙi. Yawan dubawar ba ya bukatar dala.

In methotrexate ya gaza, zaɓin allura ya danganta da inda ciwon ya fi ci. Masu toshe TNF, wani sinadarin garkuwar jiki mai jawo kumburi, su ne tsofaffi: adalimumab miligiram 40 ƙarƙashin fata duk mako biyu, kuma yanzu akwai makamantansa masu rangwame. In fata ce ta fi muni, masu toshe IL-17, wani sinadarin kumburin daban, irin secukinumab da ixekizumab sun fi share ta, a gaɓɓai kuwa kusan kunnen doki suke da adalimumab. Amma suna tayar da kumburin hanji, mai daɗaɗɗiyar gudawa da jini ba na shi ba ne. Bimekizumab, mai toshe IL-17A da F tare, Amurka ta amince da shi ga wannan ciwo a 2024, sai dai yana yawan kawo farin kumfa a baki. Guselkumab da risankizumab IL-23 suke toshewa. Ƙwayoyin sha masu toshe JAK irin upadacitinib sun fi sauƙin ajiya, amma ga dattijo, mai shan taba ko mai ciwon zuciya akwai gargaɗin gudan jini.

Abin da ba na sassauci a kai: hoton ƙirji da gwajin tarin fuka kafin allurar farko. TNF ne yake taimaka wa jiki ya killace ƙwayar tibi, kana toshe shi wadda take kwance sai ta tashi, kuma mun san yadda tibi yake a ƙasar nan.

Nas: Ranka ya daɗe, saura wuta. Allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Humira, wato adalimumab, yana jure kwana 14 a waje in zafi bai wuce digiri 25 ba, ɗakin Kano a watan Afrilu kuwa ya wuce nan nesa. Kada a sa a firiza, in ta daskare an yi asara. In a cikin kula mai ƙanƙara za a sa ta ma, a naɗe ta da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙara. Shi ya sa kafin a saya muke tambaya ko akwai firiji mai sola, in babu a ajiye a na asibiti, majiyyaci ya riƙa zuwa ranar allura.