Wane ma'auni ya dace da masu jego Larabawa da ke zaune a Amurka?

Ɗalibar jinya:
Assalamu alaikum. Ina shirin bincike kan matan Larabawa da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman mazauna Dearborn a jihar Michigan, domin in gano ko rashin mataimaka na da alaƙa da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Wane ma'auni ya kamata in ɗauka, alhali yawancin ma'aunan da Turanci aka tsara su?

Malamin jami'a:
Wa alaikumus salam, Malama. A ɓangaren damuwa, ki ɗauki ma'aunin Edinburgh na 1987, mai tambayoyi 10 kan halin da mace ta kasance cikin kwana 7 da suka wuce, makinsa daga 0 zuwa 30, wanda aka gwada fassararsa ta Larabci a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1997. A ɓangaren goyon baya kuwa akwai MSPSS, wato ma'aunin goyon bayan da mutum ke jin yana samu, na mai bincike Zimet, na 1988, mai tambayoyi 12 kan dangi da ƙawaye da wani makusanci na musamman. Wannan rukuni na ƙarshe yakan rikita matar aure Balarabiya, shi ya sa mai bincike Aroian da abokan aikinta suka maye gurbinsa da miji kai tsaye, kuma nasu nake ba ki shawara.

Ungozoma:
'Yar'uwa, ki lura cewa MSPSS abin da mace ke ji a ranta yake aunawa. Tana iya ba danginta cikakken maki domin kullum suna waya da mahaifiyarta da ke Yaman ko Lebanon, alhali babu wanda ya girka mata abinci ko ya karɓi jariri ta runtsa. A gida, kamar yadda muka saba mu ma, mai jego tana cikin kulawar mata har ta yi arba'in, kuma wannan ne ƙaura ke raba ta da shi. Saboda haka ki ƙara tambayoyi kan wanda ya zauna da ita a zahiri. Kada kuma miji ko suruka su yi miki tafinta, domin tambaya ta 10 ta ma'aunin Edinburgh kan tunanin cutar da kai ce, ba za ta amsa da gaskiya a gabansu ba.

Likita:
Ki jira a wuce mako 2 da haihuwa, domin ƙuncin kwanakin farko yakan washe da kansa. Mai yawan maki a ma'aunin Edinburgh kuma sai likita ya duba ta kafin a ce tana da ciwon, don haka ki tanadi asibitin da za ki tura ta tun kafin ki fara.