Wace kalma za mu sa a madadin "dungeon"? Ni na tsaya a kan "gidan dodo"

1/ Shekaranjiya da daddare ƙanena ya kira ni, muryarsa duk a gajiye, ya ce, "Yaya, na maƙale a dungeon na bakwai, yau kwana uku." Wasan bidiyo na Link's Awakening, ɗaya daga jerin wasannin Zelda, yake bugawa a Switch, na'urar wasa ta kamfanin Nintendo. Mun yi kusan rabin awa muna magana, takobi, garkuwa, mabuɗi, taswira, duk da Hausa suka fito ba tare da wani ya tsaya tunani ba. Kalmar nan ɗaya ce kawai ta yi tsaye a tsakiyar zance kamar baƙon da ba a nuna wa wurin zama ba. Tun daren nake juya ta, kuma ina ganin na samo mata abin da ya dace. Ga dalilaina, ku duba ku gyara mini.

2/ Ga wanda bai taɓa bugawa ba: Nintendo ta fitar da wasan a 1993 a kan Game Boy, wannan ƙaramar na'ura mai cin batir huɗu wadda allonta ba shi da kala. An sake shi da kala a 1998, aka kuma sake gina shi gaba ɗaya don Switch a 2019. Jirgin ruwan Link, jarumin wasan, ya tarwatse, ruwa ya jefo shi tsibirin Koholint, aka ce masa ba fita sai ya tashi Kifin Iska da ke barci cikin wani ƙaton ƙwai a kan dutse. Tashinsa kuma sai da kayan kiɗa takwas, kowanne a ɓoye a wurinsa. Waɗannan wurare takwas su ne abin da muke nema wa suna.

3/ Tsarinsu kusan ɗaya ne. Ka shiga, ɗakuna a jere, wasu ƙofofin a kulle. Ka nemi ƙananan mabuɗai, ka sami taswira, ka sami kamfas wanda ke yin ƙara idan ka shiga ɗakin da aka ɓoye mabuɗi. Can tsakiya akwai akwatin da ke ɗauke da sabon makami ko kayan aiki, kuma da shi ne sauran wurin zai buɗu maka. A na farko gashin tsuntsu ne mai sa ka tsalle, sai ramukan da suka tare ka ɗazu su zama abin tsallakewa. Daga ƙarshe babban mabuɗi, babbar ƙofa, da abin da ke jiran ka a bayanta.

4/ Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce kurkuku, don ita ƙamus ke bayarwa. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Kurkuku wuri ne da ake kai mutum ba da son ransa ba, a rufe shi, burinsa ya fita. A wasan nan kai ne ke yawo tsibiri kana neman mabuɗin shiga, har ka yi murna idan ƙofar ta buɗe. Wanda ya ji yaro yana cewa "na ƙosa in shiga kurkuku na biyar" zai ɗauka wani abu ya same shi.

5/ Sai kogo. Wannan ya fi kusa, kuma na farkon wasan ma sunansa Tail Cave, kogo ne sosai. Amma na shida wurin bauta ne, na bakwai kuwa, wanda ya riƙe ƙanena, hasumiya ce a kan dutse, Eagle's Tower, a samanta ake fafatawa da gaggafa. Ba yadda za a yi Bahaushe ya hau bene hawa-hawa ya ce yana cikin kogo. Ban da haka, tsibirin cike yake da ƙananan koguna na gaske, waɗanda za ka shiga ka ɗauki abu ɗaya ka fito. Idan muka ba manyan wannan sunan, ƙananan kuma me za mu ce musu?

6/ Wani ɗan'uwa ya ce mu ara kawai, mu ce danjin, kamar yadda Japanawa suka ara suka ce danjon. Ba na ƙin aro, ai kamfas ɗin da na ambata ɗazu aro ne, batir ma haka. Matsalar ita ce kunnen Bahaushe ya riga ya saba da danja. Ka ce "ina cikin danjin" a waya, mai sauraro zai ji danja, ya ɗauka haɗari kake nufi ko jar fitila. Aron da zai riƙa karo da wani aron da ya riga shi zama ba zai yi ƙarko ba.

7/ Da na koma asalin kalmar sai na ga abin da ya ba ni mamaki. Daga tsohon Faransanci ta zo, donjon, kuma can ba rami take nufi ba, babbar hasumiyar da ke tsakiyar ganuwa ce, inda mai wurin yake zaune. Akasarin masana harshe suna mayar da ita ga kalmar Latin dominus, wato maigida. Daga baya, da aka riƙa tsare fursunoni a irin waɗannan gine-gine, ma'anar ta gangara ƙasa ta zama ɗakin tsare mutane. Ma'anar da 'yan wasa ke amfani da ita kuwa ta bazu ne daga wasan tebur na Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Ashe tun fil azal kalmar tana da gida da maigida a cikinta.

8/ Shi ya sa na ce gidan dodo. Duk wanda ya ji tatsuniya ya san hoton: wuri ne da mai hankali ba ya zuwa sai da dalili mai ƙarfi, akwai abu mai daraja a ciki, akwai ƙofa bayan ƙofa, kuma mai wurin yana nan, ba za ka fito da abin da ka je nema ba sai kun haɗu. Gida bai damu da siffa ba. Yana iya zama kogo, yana iya zama bene, yana iya zama cikin bakin ƙaton kifi a ƙarƙashin ruwa kamar na biyar a wasan nan. Kuma kalmar tana shiga baki ba gardama: gidan dodo na uku, gidajen dodanni takwas, na gama gidan, saura maigidan.

9/ Wannan na ƙarshe shi ya fi faranta mini rai. Da zarar ka ce gidan dodo, babban abokin gaba na ƙarshe ya sami sunansa kyauta, shi ne maigidan. Ba sai mun sake zaman neman wata kalma ba.

10/ Bari in koma kan hasumiyar ƙanena, don a nan na gwada kalmar da gaske. Abin da ya sa 'yan wasa da yawa ke kuka da wurin shi ne wani dunƙulen ƙarfe. A hawa na biyu akwai ginshiƙai huɗu, kuma sai ka ɗauki dunƙulen a ka, ka kai shi gaban kowane ginshiƙi ka jefa. Hanyar da kai za ka bi ba ita ce hanyar da dunƙulen zai bi ba. Sai ka wurga shi ta kan shinge, ka zagaya ta wani hawan, ka bugi ƙwallon lu'ulu'un da ke ɗaga wasu tubala yana kwantar da wasu, ka faɗo ta rami daidai inda ka bar shi. Kuskure ɗaya, ka sake zagaye. Idan na huɗun ya faɗi, saman ginin ya rufto, hawa na huɗu ya zauna a kan na uku, hanyar zuwa wurin gaggafa ta buɗe. Wasu na cewa nan ne wasan ya fi gajiyar da su, wasu na cewa nan ne ya fi nuna basira. Ina tare da na biyun. Na ce wa ƙanena, "Kai fa rushe wa dodo gidansa kake yi, ka daina kallon ɗaki ɗaya, ka kalli ginin gaba ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Au, to yanzu na gane." Da kogo na ce masa, wannan bayanin ba zai fito ba.

11/ Wanda bai gama wasan ba ya tsallake wannan. Tun daga tsakiyar labari masu gidajen suke fara yi maka magana kafin su mutu, suna gaya maka cewa tsibirin mafarkin Kifin Iska ne, idan ya farka komai zai ɓace, har da mutanen ƙauyen da suka karɓe ka, har da Marin mai waƙa. Wannan ne ya sa mutane suke tuna wasan bayan shekara talatin, kuma shi ne ake yawan ambata idan an tambayi 'yan wasa abin da ya taɓa musu zuciya. Dodannin nan mazauninsu suke karewa. Kai ne baƙon da ya shigo da takobi. Kalmar gida tana ɗauke da wannan nauyin yadda sauran ba sa iyawa.

12/ Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa dodo kalmar yara ce, abin da ake tsorata mai ƙin barci da shi, kuma za ta sa wasan ya zama kamar ba na manya ba. Yaya, na ji wannan, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma wasan da ake tashin kifi daga cikin ƙwai da kiɗa, wanda mujiya ke yi maka jagora, ai tatsuniya ce da aka ba ka damar shiga cikinta da ƙafarka. Kuma manya ma suna amfani da kalmar, ana cewa wane ya zame musu dodo, ba wanda yake jin yarinta a ciki.

13/ Wani Malam kuma ya kawo sarƙaƙiya, ya ce ita ta fi nuna ruɗewar hanya da wasa ƙwaƙwalwa, abin da gidan dodo bai nuna ba. Malam, a nan ka fi ni gaskiya. Japanawa ma suna da tasu kalmar, meikyu, mai nufin wurin ɓatan kai, kuma ita ce a sunan Etrian Odyssey na asali, wasan 2007 na DS, na'urar Nintendo mai allo biyu, da ɗan wasa ke zana taswirarsa da kansa a allon ƙasa. Irin wannan, da irin Pokémon Mystery Dungeon da hawa-hawansa ke sauya tsari duk shiga, sarƙaƙiya ta fi dacewa da su. Sai dai ban ga tana ƙirguwa da daɗi ba, "sarƙaƙiya ta bakwai" tana da nauyi a baki. Ina ganin mu riƙe ta a matsayin siffa: wannan gidan dodon akwai sarƙaƙiya.

14/ Na gwada kalmar a kan ƙorafe-ƙorafen da aka sani game da sauran wasannin Zelda. A Phantom Hourglass na DS, 2007, abin da aka fi kuka da shi shi ne Temple of the Ocean King, inda ake mayar da kai sau da dama, ka sake bin hawan da ka riga ka wuce, yashin agogo na zuba, masu gadi da ba sa jin sara suna sintiri. Da Hausa: gidan dodo ɗaya ake ta aiken ka, kullum daga zaure za ka faro. Ya zauna daidai. Nintendo ma ta ji kukan, don a Spirit Tracks na 2009 ba a tilasta maka maimaita hawan da ka gama.

15/ Gwaji na biyu ya fi ƙarfi. Breath of the Wild na 2017 ya zo da ƙananan wuraren gwaji 120, amma tsofaffin 'yan wasa suka yi ta cewa sun yi kewar dungeon na gaske. Me suka rasa? Mafi yawan wuraren nan ɗaki ɗaya ne ko biyu, kamanninsu ɗaya, ba babban mabuɗi, ba maigida. Wato ba gidajen dodanni ba ne. Inda 'yan wasa suka ja layi da kansu, nan kalmar Hausar ta ja nata. Haka ɗakunan Dampé, wani mutum a cikin wasan, da aka ƙara wa Link's Awakening a fitowar 2019, inda kake jera ɗakunan da ka riga ka ci ka haɗa naka ginin. Da yawa sun ce bai kama su ba, kuma na fahimta, ɗakuna ne aka tara ba tare da an ji hannun mai gida ɗaya a tsarinsu ba.

16/ Abin da ya rage mini shi ne ƙaramin dodon da ake haɗuwa da shi a tsakiyar gida, wanda idan ka kashe shi ake buɗe maka hanyar komawa bakin ƙofa. Na so in ce mai gadi, amma na riga na ba masu sintirin Phantom Hourglass wannan sunan. Ƙanena ya ce yaron gida, tunda akwai maigida. Ya kira ni ɗazu, ginshiƙi na huɗu ya faɗi, kuma da bakinsa ya ce, "Yaya, yaron gidan bai ba ni wuya ba, maigidan ne ke ta hure ni da fukafukai ina faɗowa." Wanda ke da abin da ya fi yaron gida ya kawo.