Shekara kusan goma Nafarko na riƙe da majalisa, me Damagaram ta samu?

Ɗan Zango: Salamu alaikum jama'a. Jiya a fada mun yi gardama har shayi ya huce ba a shirya ba shi ya sa na kawo ta nan. Ni magana ɗaya na faɗa kuma ina nan a kanta, Mahamane Ousmane da ake kira Nafarko ya riƙe shugabancin majalisar dokokin Nijar tun Disamba 1999 har Mayu 2009, ɗan garin nan ne, depiten Zinder ne, amma har yau da bidon muke kwana muna jiran famfo. Kujerar da ba ta kawo ma garinka ruwa ba me amfaninta

Mushe: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka haɗa aiki biyu wuri guda. Depite ba ya gina shaton ruwa ba ya jan tiyo, aikinsa doka da kasafin kuɗi da sa ma gwamnati ido. Wanda ke da ministan ruwa shi za ka tambaya, kuma a shekarun nan Tandja ne ke mulki.

Ɗan Zango: To mushe kasafin wa ke sa masa hannu in ba majalisa ba? Kuma wa ya ɗora Tandja? A 1999 Nafarko ya zo na uku ya ba shi ƙuri'unsa a zagaye na biyu, 2004 ma haka, da ƙuri'un jam'iyyarsa CDS Rahama aka ci, da yawansu namu ne nan jihar. Mutumin da ba a cin zaɓe sai da shi in ya ce ruwan Zinder ko in janye kana ganin ba za a saurare shi ba?

Hajiya ta Sabon Gari: Wallahi yaron nan ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ku maza kuna lissafin ƙuri'a mu muna lissafin kuɗin garuwa, lokacin zafi ƙarfe uku na dare nake tada 'yan mata su kama layi. Tun ina amarya nake jin ana jawo mana ruwa daga Gogo Machaya da Aroungouza, aka zo aka ƙara Ganaram, har yau in Afrilu ya kama sai a hankali.

Baba na Birni: Hajiya sannu, gaskiya ce wahalar. Amma yara ku bari in gaya muku abin da na gani da idona. Matsalar ruwan garin nan ta girmi Nafarko ta girme ni, gari ne bisa dutse, cikin dalilan da ake faɗi na mayar da babban birni Yamai a 1926 har da ruwan nan. Na biyu, mutumin nan da ya ci zaɓe Maris 1993 me ya tarar, baitulmali wayam, albashi na bin bashi, Janairu 1994 aka karya darajar sefa rabi, tawaye a arewa. Duk da haka a zamaninsa aka sa hannu kan sulhu da 'yan tawaye na 24 ga Afrilu 1995 wanda aka ware ranar hutu dominsa. Bai cika shekara uku ba Kanar Baré ya kifar da shi 27 ga Janairu 1996.

Ɗan Zango: Baba Allah ya ƙara girma amma ni ba shugabancin ƙasa nake tuhuma ba, majalisa nake magana. Kuma ko wancan ɗin ai shi ya rushe majalisa a 1994 bayan Issoufou ya ajiye firaminista, aka sake zaɓe ya sha kaye, Hama Amadou ya zama firaminista suka yi ta ja-in-ja har soja suka samu ƙofa.

Baba na Birni: Wannan kam ba zan kare shi ba ɗana. Rushe majalisar nan kuskure ne, ranar ma na faɗa.

Mai kabu-kabu: Ku dai kun manta matatar mai ta SORAZ. Wa ya kawo ta jihar nan?

Mushe: A'a kar mu ba mutum abin da ba nasa ba don muna son sa. Tandja ya aza tubali a 2008 da 'yan Sin, Issoufou ya buɗe Nuwamba 2011, ganga 20,000 a rana. Abin da ke nasa na kansa wanda ba mai ƙwace masa shi ne 2009. Tandja ya zo da tazarce, shi Nafarko yana zaune kan kujera ta biyu a ƙasa da mota da jiniya da komai, yana kuma shugaban majalisar CEDEAO, da ya yi shiru da ba abin da zai taɓa shi, ya fito ya ce a'a. Kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta, 26 ga Mayu Tandja ya rushe majalisar, CDS ta fice daga gwamnati a watan Yuni. Nawa ne cikin 'yan siyasarmu za su saki kujera haka?

Mai kabu-kabu: Gaskiya mushe

Ɗan Zango: Ai ba sakinta ya yi ba ƙwace ta aka yi, kuma wa'adin majalisar dama saura 'yan watanni. Sannan in Tandja ya zarce shi yaushe zai samu nasa layin? Kare tsarin mulki ne ko kare takara?

Mushe: Ko ma biyun ne, abin da ya faɗa daidai ne ko ba daidai ba? Fabrairu 2010 da soja suka kifar da Tandja ai mun ga inda tazarce ta kai mu.

Hajiya ta Sabon Gari: Ni abin da ke ɗaure mini kai, duk wannan ƙorafin, zaɓen shugaban ƙasa na 2021 da ya kara da Bazoum ya samu kashi 44 da 'yan kai, cikin garin nan sunan jam'iyyarsa ta lokacin, Tchanji, kawai kake ji ko'ina. Kai Ɗan Zango faɗi tsakaninka da Allah wa ka jefa ma?

Ɗan Zango: Hajiya ƙuri'a sirri ce 😂

Baba na Birni: Shi ya jefa ma, ni na gan shi da hular jam'iyya bakin kasuwar Dole.

Ɗan Zango: Na jefa masa baba ban musa ba, shi ya sa ma nake da bakin tambaya. Mushe kai ne mai ajiye takardu, ka nemo mana doka ɗaya ko tambaya ɗaya da aka yi ma ministan ruwa a zauren majalisa kan Zinder tsakanin 1999 da 2009, in ka kawo ni zan sayi sukari da ganyen shayin fada na sati guda.