Musayar baitoci kan labarin ɗan ci-rani

Uwar Biyu:
Na gama wani sabon littafi kan saurayi ɗan Kano da ya je Landan karatu, biza ta ƙare, ya maƙale. A ƙarshe dai marubucin ya dawo da shi gida, aka yi masa tarba. Ga nawa, wanda ya karanta ya amsa.

Littafin nan ya hana ni rintsawa,
Yaro a Landan, sanyi har cikin zuciya.
Rana wanke-wanke, dare kuma gadi,
A hoto ya sha kwat, ka ce ɗan sarauniya.
Uwa na zaga maƙwabta tana nunawa,
Ba ta san tukwanen wasu yake kankarewa ba, kai duniya!

Ɗan Damagaram:
Hajiya, kukanki da hujja, ban musa ba,
Amma wanda ya hau jirgi me ya sani na hanya?
Marubutanmu kullum Landan, kullum Amurka,
Wa ya leƙa Agadas, tashar masu bin Libiya?
A 2013 motoci biyu suka mutu gaba da Arlit,
Mutum 92 ƙishi ya kashe kafin Aljeriya.
Akasari mata da yara ne, 'yan yankin Kance,
Ina alƙalamin da ya ba su ko shafi ɗaya?

'Yar Takari:
Kawu, ka dubi arewa ka manta gabas,
Kakana da ƙafa ya ratsa Sudan, bai juya baya.
A Jidda aka yanke cibiyata, igama, takardar zama, babu,
In ka ji askar, sai gudu da ɓuya.
Daga sansanin tsare baƙi na Shumaisi aka sa mu jirgi zuwa Kano,
Garin da ban taɓa gani ba, wai gida, Allah ya kyauta, Yaya.
Can su ce mini Takari, su toshe hanci,
Nan kuma a layinmu sunana 'yar Saudiyya.

Ɗan Damagaram:
Na karɓi gyara, 'yata. Wannan baitin naki na ƙarshe ya fi babi uku na littafin nauyi.

Mai Gadin Dare:
Ku sassauta wa marubucin, iyayena,
Ni da nake Ingila na ga kaina, ba ƙarya.
Wayar asuba, a turo kuɗin makaranta,
Ga bikin ƙanwa, ga rufin ɗaki, ga jinya.
Duk ya faɗa daidai, har warin sabulun,
Ƙarshen ne kawai ya zame masa tatsuniya.
Wai ya sauka filin jirgi ana ta guɗa,
Da wace jaka? Da wane ido zai dubi Iya?
Ba jami'in shige da fice ke tsare mu a nan ba,
Komawa hannu rabbana ce, wato kunya.

Uwar Biyu:
Ɗana, ka tsinka min jijiya da wannan,
Babbana shekara huɗu ke nan yana Turkiyya.
Ɗazu ya turo hoto, ya sha sabuwar riga,
Da can sai in yi guɗa in kira Hajiya Rabi ta taya.
Yau ban kalli rigar ba, ban kalli fuskar ba,
Hannuwansa na buɗo, ina duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.